'Yata ta ce ba za ta rubuta jarrabawar AP ba, za a ƙwace mata adimishan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, 'yata tana aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, tana ɗaukar darussan AP guda huɗu, wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, kuma alhamdulillah jami'a ta riga ta ba ta gurbi. Yanzu ta ce ta gaji, biyu kawai za ta rubuta a watan Mayu, kalkulas da fiziks ba za ta shiga ba. Ƙaninta da ke aji 11 da ya ji haka shi ma ya ce zai bar ta kemistiri. Ni hankalina ya tashi, yaro ya shekara yana karatu kuma ya ƙi jarrabawa? Ba za su janye mata adimishan ɗin ba?

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Ki ɗan kwantar da hankalinki tukuna. Ita yarinyar da wuya ƙwarai jami'ar Amurka ta janye mata gurbi don kawai ba ta rubuta jarrabawar AP ba, ni dai a shekarun da na yi ina taya yara cike fom ɗin jami'a a nan ban taɓa ganin an yi hakan ba. Amma akwai asarar da za ta iya yi, ta kuɗi ce, zan zo kanta. Shi kuwa ƙanin nata lissafinsa daban ne gaba ɗaya, kar ya ga yayarsa ta yi ya ce shi ma.

Na san daga inda tashin hankalin ya fito, don ni ma da shi na zo ƙasar nan. Mu a gida ba wanda ya taɓa tambayar ka makin da ka ci a tes ɗin SS2, abin da ake nema kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da lissafi, sai makin JAMB, shikenan. Yaron da ya shekara uku yana zuwa aji ya ƙi shiga WAEC ya yi aikin baban giwa. To a nan abin a juye yake. Makin aji shi ne sarki, wato A ko B ɗin da malamin aji ke bayarwa kowane zango yana shiga takardar da suke kira tiranskirif, ita ce jami'a ke fara buɗewa, su ga waɗanne darussa yaro ya zaɓa, masu nauyi ne ko na hutu, kuma me ya ci a cikinsu. Jarrabawar AP ta wata hukuma ce daban, College Board, masu SAT ɗin nan ta neman shiga jami'a, ba ta makaranta ba ce kuma ba ta jiha ba ce, sakamakonta ma daga 1 zuwa 5 ne kuma ba da shi ake ba yaro shaidar gama sakandare ba. Ke da ke New York dai kar ki haɗa ta da Regents, waccan ta jiha ce kuma ita ce ta shafi shaidar kammalawa, ba a wasa da ita.

Kuma ki duba kwanakin da kanki. Yarinyar ta tura fom ko dai a farkon Nuwamba ko farkon Janairu, jami'o'i sun gama ba da amsa zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ranar 1 ga Mayu yara ke faɗin inda za su je su biya kuɗin kama gurbi. Jarrabawar AP kuwa sai makonni biyun farko na Mayu ake yi, sakamako sai Yuli. Kin ga kenan lokacin da suka ce mata mun ɗauke ki ba su ga makin ba, ba kuma su gina hukuncinsu a kansa ba. Abin da suka gani shi ne ta yi rijistar kalkulas da fiziks na AP a aji 12, kuma abin da suke jira ta kawo musu a ƙarshe shi ne tiranskirif na ƙarshe da ke nuna ta gama waɗannan darussan da maki mai kama da wanda suka saba gani a wajenta.

To nan ne fa tsorona yake, ba a jarrabawar ba. Akwai wani yaro namu, ɗan abokin zamana a masallaci, haziƙi ne na gaske, ya samu jami'a mai kyau da tallafin kuɗi mai tsoka. A watan Maris ya yanke cewa ba zai rubuta AP fiziks ba, ba wanda ya ce masa komai. Sai zuciya ta ce masa ai tunda ba jarrabawa me zai sa ya riƙa tashi don darasin ƙarfe takwas na safe, ya daina kai aikin gida, rahoton gwaji na lab guda uku bai miƙa ba, A ta koma D a zango ɗaya. Cikin Yuli sai ga imel daga ofishin adimishan suna cewa ya yi musu bayani a rubuce cikin 'yan kwanaki. Baban ya tare ni bayan sallar Juma'a da wayar a hannu, ya ma kasa karantawa sai miƙo min ya yi, shi kuma yaron yana tsaye wajen takalma kansa a ƙasa. Mun zauna a mota mun rubuta amsa, ya faɗi gaskiya bai yi ƙaryar ciwo ba, Allah ya taimaka suka bar masa gurbin amma da sharaɗi a shekarar farko. Duk wasiƙar nan ba inda aka ambaci jarrabawar AP ko sau ɗaya, makin aji kawai suka yi magana a kai. Don haka abin da za ki fara ce wa 'yarki shi ne ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba, ajin nan sai ta zauna shi har ranar ƙarshe, kuma kar ta kuskura ta je ta ajiye darasin ko ta sauya shi da mai sauƙi ba tare da ta sanar da jami'ar ba, wannan kam yana jawo a janye gurbi.

Sannan ta tambayi makarantarta, don kowace da dokarta. Wasu makarantun sharaɗi ne, in ka shiga ajin AP dole ka rubuta, in ka ƙi su cire maka ƙarin makin da ake yi wa darasin wajen lissafin GPA, wato matsakaicin makin yaro na duk darussa, wasu har kalmar AP ɗin suke gogewa daga tiranskirif, wasu kuma su ce to sai ka yi jarrabawar ƙarshen shekara ta malamin aji wadda 'yan uwanka da suka rubuta aka yafe musu. In makarantarsu irin mai goge AP ɗin ce to magana ta canza, don takardar da za ta je jami'a ba za ta yi daidai da abin da ta rubuta a fom ba. Ga kuma kuɗi, tun tsakiyar Nuwamba makarantu ke yin odar jarrabawar, a 2025 dala 99 ce kowace ɗaya a cikin Amurka, kuma wanda ya fasa bayan an yi oda akwai tarar dala 40, wani wajen makaranta ta ɗauke wani wajen a turo wa iyaye.

Yanzu asarar da na ce. Amfanin jarrabawar nan ga ɗan aji 12 ba shiga jami'a ba ne, rage wa kansa hanya ne bayan ya shiga. Ki ɗauke ta kamar 'yar ƙaramar IJMB, yadda yaro kan yi IJMB a ba shi aji biyu kai tsaye, sai dai ita darasi-darasi ake yafe maka ba shekara sukutum ba. Digirin farko a yawancin jami'o'in nan kiredit 120 ne, kiredit a nan ma'aunin nauyin kwas ne ba irin na WAEC ba, kwas ɗaya kiredit 3 ko 4, zango ɗaya wajen 15. Yarinyar da ta ci kalkulas na BC, wato babban matakin kalkulas na AP, da maki mai kyau jami'o'i da yawa za su ba ta kwas biyu na lissafi kyauta, wajen kiredit 8, in ta haɗa da sauran ukun tana iya shiga da zango guda cur a aljihu. Ki ɗauko takardar kuɗin makarantar da aka turo muku ki raba ki ga nawa zango ɗaya yake, sai ki ajiye shi kusa da dala 99 da awa uku da kwata na zaman jarrabawa. Ko ba ta gama da wuri ba, kiredit ɗin na ba ta sarari, ta rage kwasa-kwasai a zangon da ya yi mata zafi, ko ta sauya fanni a shekara ta biyu ba tare da an ƙara mata shekara ba, wasu jami'o'in ma yawan kiredit ɗinka ne ke sa a buɗe maka rijistar kwas kafin wasu. Jami'o'in gwamnati su suka fi sakin hannu a nan, jihohi irin su Texas da Illinois doka ma suka yi a 2015 da ta sa jami'o'in gwamnatinsu su riƙa ba da kiredit tun daga maki 3.

Amma fa ba ko'ina ba, kuma nan ne yarinyar za ta iya zama mai gaskiya. Manyan jami'o'i masu zaman kansu da yawa sun matse hannu. Dartmouth ta sanar tun 2013 cewa za ta daina ƙirga AP cikin kiredit ɗin kammala digiri, Harvard ta rufe tsarinta na gama digiri da wuri da makin AP, Caltech ba ta ba da kiredit a kansa sam, nata gwajin take yi wa yara. MIT kuwa sai 5 take karɓa a kalkulas na BC, fiziks ma sai na C guda biyun duka da 5. Shi ya sa ki tambaye ta wane fiziks take yi, don kala-kala ne. Fiziks 1 da 2 ba su da kalkulas a ciki, mai shirin karatun injiniya yawanci ba za a ƙirga masa su a fanninsa ba, sai na C. In fiziks 1 take yi kuma injiniya za ta karanta to ko ta ci 5 sai ta sake fiziks daga farko, ni a nan ba zan matsa mata ba. Haka masu burin likita, wanda na san kusan kowane gida namu akwai wanda aka ɗora wa, makarantun likitanci da dama ba sa son a ce an cika sharaɗin bayoloji ko kemistiri da makin AP, sun fi son su ga ka yi kwas ɗin a jami'a ko ka yi na gaba da shi, shi ya sa yara da yawa ke da kiredit ɗin amma su sake kwas ɗin da gangan. Kowace jami'a tana da jadawali a shafinta na intanet, darasi kaza maki kaza kwas kaza, minti goma ya isa ku zauna ku duba tare, kuma ku duba na tsangayar da za ta shiga ba na jami'ar gaba ɗaya kawai ba, don sukan bambanta.

Ni dai a ra'ayina kalkulas ta daure ta rubuta. Shi ne kwas ɗin da ya fi kayar da yara a shekarar farko, aji mai ɗaruruwan mutane, malami ba ya ma sanin sunanka, in ta samu ta tsallake shi ko aƙalla ta shiga da shi a kanta sabo ta huta. Kuma yawanci in yaro ya ce na gaji, abin da ke ƙasa shi ne tsoron kar ya ci 2 a gani, wato da muguwar rawa gara ƙin tashi. To a nan muguwar rawar ba mai gani sai wanda ka nuna wa. Ba jami'ar Amurka da ta riga ta ɗauke ta da za ta kore ta don ta ci 2, iyaka su ce ba kiredit. In ma kunya take ji College Board na da hanya biyu, ana iya ɓoye maki ɗaya daga rahoton da za a tura wa wata jami'a, ko a soke shi gaba ɗaya kyauta, sai dai sokewa ba ta dawowa, kuma in kana son kar ya je jami'ar da ka zaɓa a tura wa kyauta dole ka nema zuwa 15 ga Yuni, kafin ma ka ga abin da ka ci, wanda ni ban taɓa ba yaro shawararsa ba don na sha ganin wanda ya fito yana rantsuwa ya faɗi, Yuli ta zo ya ga 4. Abu ɗaya dai ta sani, rahoton da College Board ke turawa na ɗauke da duk makin AP ɗinta na duk shekaru ne, ba na bana kaɗai ba.

Duk wannan fa in jami'ar a Amurka take. In Ingila ce ki manta da duk abin da na faɗa a sama, su kamar mu suke, jarrabawa suke kallo. Gurbin da suke bayarwa ta UCAS, hukumar da ake neman jami'o'insu ta hannunta, yawanci mai sharaɗi ne, a rubuce za su ce sai kin kawo 5 a kaza da kaza a watan Yuli, kin ƙi rubutawa gurbi ya tafi ba wata doguwar magana. Oxford na neman 5 a darussa huɗu, ko uku tare da babban maki a SAT ko takwararta ACT, Cambridge 5 a darussa biyar. Haka wanda ke tsarin IB, wani tsarin karatun sakandare na ƙasa da ƙasa, shi ma ba ya cikin wannan hirar, difilomarsu sai da jarrabawar. Ko a nan Amurka ma ta sake karanta wasiƙar adimishan ɗinta da kyau wajen sharuɗɗa, in kuma a fom ta rubuta cewa za ta zauna jarrabawa kaza da kaza a Mayu to ta tura musu imel layi uku, ga sunana ga lambata, ina nan ina ci gaba da darasin amma na yanke ba zan rubuta jarrabawar ba, shin akwai matsala? Amsar da za su ba ta ta ajiye ta.

Sai malam ƙarami na aji 11. Shi makinsa zai fito a Yuli, ya cike fom a kaka, kin ga nasa zai iya shiga gaban masu dubawa. Gaskiya ne a Common App, fom ɗin da ake neman jami'o'i da yawa da shi, rubuta makin AP ba dole ba ne, kai kake zaɓar wanda za ka sa, kuma yawancin jami'o'i ba sa neman sa, in jami'ar jiha ko ta birni yake hari barin kemistiri ɗaya ba zai hana shi komai ba. Amma in yana hangen manyan nan masu ɗaukar mutum ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka, abubuwa sun ɗan sauya a 'yan shekarun nan. A 2021 College Board ta daina jarrabawar SAT ta darasi-darasi wadda da ita yara ke nuna ƙarfinsu a kemistiri ko lissafi, sai AP ta zama kusan ita kaɗai ce shaidar waje a kan darasi. A Fabrairun 2024 Yale ta ce dole mai nema ya kawo sakamakon jarrabawa, amma ya zaɓa tsakanin SAT, ACT, IB ko AP, wanda kuma ya zaɓi AP sai ya kawo duk waɗanda ya rubuta. Mai karanta fom in ya ga A a AP kemistiri ba maki a gefe, guda ɗaya ne ba zai tsaya a kai ba, amma in ya ga darussan AP biyar duka A kuma ba maki ko ɗaya, dole ya raya wani abu a ransa, ko dai yaron bai rubuta ba ko ya rubuta bai ji daɗin abin da ya gani ba.

Kuma akwai abin da nake yawan faɗa wa iyayenmu. Yaranmu mafi yawa makarantun gwamnati na unguwa suke zuwa, ba irin waɗanda ofishin adimishan ya san sunan shugabansu ba. In yaro ya kawo A daga makarantar da ba su sani ba, ba su san nauyin A ɗin ba, ko malamin mai tsanani ne ko mai rabawa ne. Amma takardar AP kemistiri iri ɗaya ce da wadda ɗan makarantar masu kuɗi ya rubuta, masu makin ma ba su san ɗan waye ba, in ɗanki ya fito da 4 ko 5 ba wanda zai ce malami ne ya so shi. Ɗan gidan masu hali yana da shaidu goma, namu sau da yawa wannan ce mafi ƙarfi a hannunsa, shi ya sa ba na son in ga ya yar da ita don kawai yayarsa ta yar da tata.

Ki zaunar da shi ki ji dalilinsa, ba da faɗa ba. In kuɗi ne yake jin nauyin tambaya, akwai ragi ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, a 2025 College Board ta rage dala 37 a kowace jarrabawa kuma jihohi da makarantu da yawa suna ƙarawa a kai, malamin da ke kula da AP a makarantarsu shi zai nema. In rana ce ta ci karo da wata jarrabawar ko rashin lafiya ko ranar ibada, akwai zama na biyu da ake yi a makon da ke biye. In kuma malamin kemistirin ne bai kai su ko'ina ba, wanda yana faruwa, wani lokacin malami ya bar aiki a tsakiyar shekara a yi ta kawo na wucin gadi, to wannan dalili ne na gaske kuma mai ba su shawara a makaranta zai iya rubuta shi a wasiƙarsa ga jami'a.

In tsoro ne kawai, ya sani ba irin makin aji ba ne da sai ka ci 90 cikin 100, a darussa da yawa wanda ya samu wajen rabin maki yana iya fita da 3, kuma ba a cire maki don ka canki amsa ba daidai ba. Tsofaffin tambayoyin ɓangaren rubutu suna nan kyauta a shafin College Board har da yadda aka raba makin kowace, ga manhajarsu ta Bluebook da ake yin gwaji a ciki tunda daga 2025 yawancin jarrabawar ta koma kwamfuta. Ranar Asabar mai zuwa ki sa shi ya roƙi malaminsu cikakkiyar takardar gwaji, ya zauna a teburin cin abinci awa uku da kwata, wayarsa a jakarki, in ya gama ya yi wa kansa maki, sai ki turo min abin da ya samu mu ga ko maganar bari ma tana da wurin zama.